Sabuwar Motar Baba Ta Kulle Min Yarinya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya gareji, ya yara? Mu nan lafiya lau, aikin asibiti ma sai godiya.

Ka tuna 'yar ƙaramar motar Baba mai zagayayyun fitilu? An fito da sabuwarta, kamar an tsaga kara. Ina ganinta na saya, ko shawararka ban nema ba.

Shekaranjiya ta mutu min a kan gada, 'yata, takwarar Inna, tana barci a baya. Sai na yi yadda Baba ya koya mana, na fito in tura. Ƙofa na rufuwa na ji ƙit! Motar ta kulle kanta, makulli na ciki, ga rana ta take. Yaya, ina kallon yarinyar nan ta farka tana gumi tana miƙo min hannu, ni kuwa sai dukan gilashi nake da takalmi. Wani direban bas ne ya fasa tagar da ƙarfen kwance taya, Allah Ya saka masa.

Babu abin da ya same ta, wallahi. Makanike ya ce laifin kwamfutar motar ne, wai ya gyara. Duk da haka ba na rufe taga, ko ruwa ake.

Kada Inna ta ji. Kuma don Allah kada ka sayar da tsohuwar motar Baba. Da igiya muke ɗaure ƙofarta, amma ko sau ɗaya ba ta shiga tsakanin Baba da 'ya'yansa ba.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka