Marsiyyar Malam Isa a karin kamfe

Daren Alhamis, watan Rajab, Rano

Yau na rera marsiyyar da na rubuta wa marigayi Malam Isa, malaminmu na allo, a wurin addu'arsa a Tarai. Na tsara ta ƙwar biyar, wato layi biyar a kowane baiti, na bi amsa-amon kowane baiti. Kari kaɗai ban duba ba. Ashe a kan karin waƙar kamfe ɗin nan da motoci ke yawo da ita na ɗora ta. Tun baiti na biyu samari suka fara kaɗa kai suna murmushi.

Da na gama, babban ɗansa ya riƙe hannuna ya ce, "Mun gode, Yaya Sani. Amma ai Baba bai taɓa tsayawa takara ba."

Barci ya ƙi zuwa. Mutumin da ya koya mini babbaƙu, da waƙar zaɓe na raka shi.