Sunan Baba a Kan Kati

Yelwa, Yawuri
Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Mufida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara a Legas. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa aikinki albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, kuma yayarmu Hansatu ta zo daga Wara ta kwana biyu.

Saƙonki ya iso ran Asabar, da 'yar tsanar roba ta matuƙin jirgin ruwa da katuna biyar na gwaji. Na bi bayaninki daki-daki: na sauke manhajar, na ajiye kati ɗaya kan tabarma, na saita masa kyamarar waya. Sai ga marigayi Baba ya miƙe cikin jirginsa a fuskar wayar, kamar a kan tabarmar yake, da malafa da filafili, yana waƙar tuƙin da na ɗauka a kaset shekarar da ya rasu. Har karkacewar kafaɗarsa ta hagu kin kamo, ke da ya bari kina 'yar shekara shida.

Amma akwai kuskure, kuma nawa ne. Na aiko miki hoto da kaset ban shawarci Inna ba. Na duba littafin da nake rubuta al'amurana, na ga sau uku na rubuta cewa gobe zan gaya mata. Da kika tambayi abin da za a rubuta a ƙasan katin kuma, sai na turo miki sunansa na yanka, kamar mai cike fom a ofis.

Ran Litinin bayan la'asar na nuna mata. Ta kalla sau uku, ta miƙa hannu bayan wayar ta shafa tabarmar. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi rubutun, na ce sunan Baba ne. Ta tambayi abin da yara ke yi da katunan, na ce tarawa suke, suna musaya da masu hoton dabbobi. Sai ta ce to wajen musayar, me za su riƙa cewa? Nan na gane abin da na yi. Sunan da ba ta taɓa kamawa ba, yana raye ko bayansa, wanda saboda shi har ɗanki mai sunansa Maigida take ce masa, shi ne za a riƙa kira a bakin tasha: a ba ni wane biyu in ba da katin kada ɗaya.

Kwana biyu ba ta tada zancen ba. Na san kin ce ran Juma'a za a kai wa masu bugawa, na yi ta tunanin in ce ki fasa gaba ɗaya, na kuma ji tsoron rushe miki aikin shekara. Yau da hantsi ta kira ni ta ce, "Ka gaya wa Mufida ta bar muryar, yara su ji yadda ake tuƙi kafin zuwan jirgin inji. Sunan dai ta cire. Ta sa Na-Gungu, haka mutanen bakin ruwa ke ce mishi."

Don Allah ki tsayar da su a gyara, har da na jikin kwalin 'yar tsanar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Katuna huɗu ta sa na ƙone don kada wani ya taka. Ɗaya ta riƙe. Da na saita mata wayar, sai ta ɗora babban yatsa kan rubutun, sannan ta ce in kunna.

Ki gai da mijinki Malam Bashiru da yara, Maigida da Ladidi. Inna da Hansatu da matata Mariyamu suna gaishe ki. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Yayanki,
Sahabi