Takalmin Hagu na Babanku

Zuwa ga Yayansu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da matarka da yaran. Allah ya sa takardar nan ta tarar da ku cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a aikinka, amin.

Mu ma ga mu nan. Ƙanwarka lafiya, ta yaye 'yarta. Gwaggonku ƙafar ta yi sauƙi, tana leƙo mu da sanda. Ni ba abin da ke damuna, ina cin abin da aka ajiye mini. Auta yana da ƙuna a ƙwauri, zan zo kan maganar. Babanku yana nan yadda ka bar shi, ɓarin daman bai dawo ba, bakin ma bai buɗe ba. Yana kallonmu, yana jin komai. Muna juya shi safe da yamma, ina shafa masa mai a baya. Masu dubiya sun ragu, ban ga laifinsu ba.

Za ka yi mamakin da ban kira ka ba. Waya ba ta kamawa a gidan nan sai ta tagar ɗakin babanku, ni kuwa ba na so ya ji. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya koyi alƙalami bayan furfura ne.

Maganar baburinsa ce, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu manyan haƙora, wanda yake hawa gonar lemo ta kan dutse da shi. Tunda ya kwanta babur ɗin yana rumfa a lulluɓe, sai kwanan nan Auta ya fito da shi, don lemo ya nuna har ya fara zuba. Masu saye za su kawo mota gindin dutsen ranar Asabar ta sama, ka kuma san mota ba ta hawa can, sai an riƙa sauko da buhuna a babur. Ranar da Auta ya fara hawa, ya kai kwanar nan da ke bakin kwari, sai giya ta biyu ta fice da kanta ta koma firi. Injin ya yi ihu, babur ya tsaya, ya fara komawa baya da shi. Ya kayar da shi ta wajen dutse, salansa ta kwanta masa a ƙwauri. Da ta ɗaya gefen ya faɗi, da wata takardar nake rubuta maka. Ya shigo gida yana dariya, wai babur ɗin bai san shi ba tukuna.

An kai wa Dogo bakanike na bakin titi babur ɗin. Na bi su na zauna a kan benci, ba wanda ya ce in tashi. Dogo ya fara ɗaure wayar kuloci, ya ce ta saki. Aka gwada, ta biyun ta sake ficewa. Ya ɗaure ƙusar ƙarfen giyan da ake takawa, nan ma ba ta zauna ba. Sai ya tambayi Auta yaushe rabon da a canza man giya. Auta ya ce ai yana zuba baƙin mai cikin fetur yadda Baba yake yi. Dogo ya ce masa wancan na saman inji ne, akwatin giya kuwa yana da nasa daban, ya kuma ce shi ya sa ba a barin auta da gado. Da ya kwance ƙusar ƙasa, ɗan abin da ya tsiyayo a gwangwani baƙi ne, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ya shafa mini a yatsa in gani. Aka zuba sabo. Sauran giyoyin duk suka yi laushi, ta biyun kawai ta ƙi. In a fili ne tana zama, da an ɗora mata nauyi ko hawa sai ta fice.

Dogo ya ce ko dai haƙoran da ke riƙe ta ne suka cinye, ko cokalin da ke tura ta ya lanƙwashe, kuma ba a ganewa sai an raba injin biyu. Ya ce kayan ba za su iso kafin Asabar ba, shi kuma ba zai buɗe ya bar ciki a waje ba. Auta ya ce Baba ya yi shekaru yana hawan dutsen nan da babur ɗin nan bai taɓa faɗuwa ba, don haka ba abin da za a farke. Ya ce ta ɗaya ba ta da gudu, ta uku ba ta da ƙarfin hawa, zai lallaɓa ta biyun haka. Na ce a nemi masu dako. Ya ce kafin su gama rabin lemon ya ruɓe. 

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya da safe ina ba babanku shayi da cokali, Auta yana gwada babur a layin bayan taga. Da ƙarar ta canza, ya shiga ta biyu, sai na ga bargo ya motsa. Ƙafarsa ta hagu ce, mai lafiyar. Ya ɗaga yatsun sama ya riƙe su haka, ƙafar tana rawa, bai sauke ba sai da ƙarar ta yi nisa. Na ɗauka jijiya ce. Auta ya zagayo, babanku ya sake yi. Duk zagayen da aka yi sai da ya yi.

Na ajiye kofin, na je na ciro takalmansa na gona daga bayan ƙofa. Na daman lafiya lau. Na hagun ya cinye ta sama, daidai kan yatsu, faci a kan faci. Ka tuna yadda nake masa faɗa a kai, yana cewa babur ɗinsa akuya ce, fata take ci? Ina jin da ƙafa yake tokare giyar nan tun daga gindin dutse har sama, duk shekarun nan, bai gaya wa kowa ba. Na nuna masa takalmin na tambaye shi. Ya dube shi, ya dubi ƙofa, ya rufe ido. Ban san ko i ne ko a'a ba. Na zauna da takalmin a cinya har shayin ya huce. Ban yi kuka ba, ba na yi yanzu.

Ban gaya wa Auta ba. In na gaya masa, zai ce an sami magani, ya ɗora buhuna ya dogara da yatsun ƙafa a bakin kwari, da ƙuna a ƙwaurinsa. In ban gaya masa ba, zai hau ɗin dai, bai ma san da dabarar ba. Na juya abin na juya, kaina ya daina ɗauka. Kai ka hau bayan babanku a babur ɗin nan tun kana ƙarami, kai ka san inji, kuma kai kaɗai Auta yake jin maganarka. Ka gaya mini, tokarewar nan tana riƙe giya da gaske, ko Allah ne kawai yake tsare shi? In ka ga a bar lemon ya zube, ka faɗa wa Auta da bakinka, ni ba zan ce komai a kan lemo ba.

Ka gaishe mini da matarka, da takwaran babanku, da mai sunana, ka ce ina jin labarin karatunta. Ƙanwarka da mijinta suna gaisuwa, Gwaggonku ma haka. Na ce wa babanku ina rubuta maka gaisuwa ne, ya motsa hannu.

Ka kira wayar ƙanwarka, ba tawa ba, kafin daren Juma'ar da Asabar ɗin za ta biyo. Takalmin yana ƙarƙashin gadona. Ka gaya mini in nuna wa Auta ko in bar shi a nan.

Ni ce,
mahaifiyarku.