Ni Na Rubuta Dokar Gadin Motoci

Malama, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa, domin ina cikin wani hali, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai ni.

Shekaruna hamsin da bakwai. Na yi shekara ashirin da takwas ina karanta mitar ruwa gida-gida kafin na yi ritaya, saboda haka in akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, ƙafa ce. Ba ni da tumbi, ban taɓa kwana a asibiti ba sai dai jinyar wani. Mu tara ne muke da ƙungiyar hawan dutse, shekara goma sha huɗu ke nan. Sau uku a shekara mukan ajiye motoci a gindin dutse, mu goya jaka da tanti, mu kwana biyu a sama, mu sauko. Matanmu sun daɗe da daina tambayar abin da muka ajiye a can. Ni ne mai girkin ƙungiya, ni ne kuma magatakarda, domin na fi kowa kyan rubutu.

Muna da dokoki goma sha ɗaya a wani littafi mai baƙin bango, biyu ne suka shafe ni. Ta uku ta ce tukunya ɗaya ce, ba mai ɗaukar abincin kansa. Ranar tafiya shugabanmu, wanda muke kira Dogo, yakan rataya sikeli a reshen bishiya, ya buɗe jakar kowa, ya auna, ya raba kayan abinci daidai wa daida. Abincin kuwa tun kafuwar ƙungiya bai canza ba: farin burodi, taliya, farar shinkafa, biskit, da shayi mai madarar gwangwani wanda cokali zai iya tsayawa a cikinsa. Ta bakwai ta ce duk wanda likita ya ɗora a kan maganin kullum ba zai hau ba, zai zauna a ƙasa ya yi gadin motoci.

Wannan ta bakwai ni na kawo ta. Shekara huɗu da suka wuce jiri ya kwashi ɗaya daga cikinmu, Tela, saboda hawan jini. Muka naɗe shi a tanti muka sauko da shi, awa huɗu cur, kuma ni ne a wajen kai. Kafaɗata ta yi wata guda tana ciwo. A taro na gaba na miƙe na yi jawabi na minti ashirin, har aka tafa mini. Tun daga lokacin Tela bai fasa zuwa ba. Yakan buɗe kujerarsa mai naɗewa kusa da motoci, ya kunna rediyo, ya ɗaga mana hannu. Gaskiya dai ko madubi ba a taɓa sacewa ba.

To, wata biyar da suka wuce na je asibiti saboda yawan ƙishirwa, likita ya ce ciwon suga ne. Na ce a sake gwadawa. Aka sake, ya ce har yanzu shi ne. Ya ba ni ƙwaya safe da yamma, da takardar abin da zan rage ci. Da na karanta takardar sai na ga kamar littafinmu ya samu ya kwafe. Uwargida kaɗai na gaya wa.

Tafiyar da ta wuce na shirya tsaf. Na dafa ƙwai shida na cusa a cikin safa, na ɗura gyaɗa a jakar sandunan tanti. Dogo ya ce jakata ta ɗara nauyi, na ce sabuwar safa ce mai kauri. Ya ce zai nemi irinta. Da yake ni ke riƙe da ludayi, abin bai yi wuya ba: in zuba wa kowa, in ce na ci a bakin risho. Shayi kuwa in juya baya in shayar da ƙasa. Sau biyar a rana nakan ce zan kewaya, in laɓe bayan dutse in ci ƙwai a tsaye kamar ɓarawo. Abokin tantina, Kafinta, ya ja ni gefe ya ba ni labarin wani maganin gudawa da ya yi wa surukinsa amfani. Na yi masa godiya.

A rana ta biyu ƙwai ya ƙare, na ƙarshen ma ya fashe a cikin safa. Da safe na haɗiyi ƙwayata da ruwa zalla, na ƙi burodi, muka kama hanya mafi tsayi. Wajen tsakar rana hannuna ya fara rawa, gumi mai sanyi ya karyo mini, hanya ta zama biyu. Na zauna daɓas a gefe. Aka tambaye ni lafiya, na ce ina kallon ikon Allah ne. Malama, ba komai a gabana sai bangon dutse, taku biyu tsakanina da shi. Mutum bakwai suka tsaya suna taya ni kallo. Kafinta ya ce lallai dutsen yana da kyau, sannan ya ce tunda an tsaya a buɗe biskit. Na cinye leda guda ni kaɗai, na bi da sukarin shayi. Bayan kamar kwata na awa hanya ta koma ɗaya, muka ci gaba.

Uwargida ta gane komai a wajen wanki. Ta ce ko dai in faɗa musu a taron Asabar, ko ta kira matar Dogo, wanda daidai yake da sanarwa a rediyo. Nan da mako uku kuma za mu hau babban dutsen da muka shekara shida muna shiri a kansa.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji, kuma ba na ciwon ba ne. Kujerar nan nake tsoro. Tun da na bar aiki ba mai nemana sai in famfo ya lalace. Kwanakin nan tara a shekara su ne kaɗai nake ji ni wani ne. Don haka tambayata biyu ce: wane abinci ne mai ciwon suga zai iya ɓoyewa, marar nauyi, marar wari, mai kwana uku? Kuma yaya zan shawo kan uwargida ta yi shiru?

Naki cikin damuwa,
Mai Ludayi

*

Mai Ludayi, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Tambaya ta biyu ba ni da amsarta, domin uwargida ce mai gaskiya. Ta farko zan amsa, amma ban da ɓoyewar.

Ni ba likita ba ce, amma abin da ka kwatanta a gaban bangon dutse ya yi kama da faɗuwar suga, kuma yana iya kai mutum ga suma. Kuskurenka shi ne ka ɗauka maganin ciwon nan ƙin cin abinci ne. Ka haɗa ƙwaya da hawan dutse da cikin da ba komai, kuma biskit ɗin da kake gudu shi ya tashe ka. Kafin Asabar ka koma wurin likitanka, ka gaya masa awa nawa kuke tafiya da nauyin da kake goyawa, ka gaya masa abin da ya faru ba ragi. Shi zai ce ko ka hau, da yadda za ka sha magani a irin ranakun nan. Masu ciwon suga da yawa suna hawan dutse lafiya lau, amma da shiri suke yi.

Abinci kuwa ba sai ya shiga safa ba. Kifin gwangwani, busasshen nama, gyaɗa, burodin alkama mai dusa, kabeji, karas da albasa duk suna kwana uku ba firji. Dafaffen ƙwai na ranar farko ne kawai. Shinkafa da taliya ba haramun ba ne, ragewa za ka yi, kifi da ganye su cika sauran kwanon. Shayi ka ɗebi naka kafin madara da sukari su shiga. Kada ka tsallake karin kumallo, kuma ka riƙa ɗan taɓa wani abu duk bayan awa biyu. Ƙwayoyin sukari ko dabino su zauna a aljihun gaban rigarka, ba a ƙasan jaka ba, wani kuma ya san suna nan da abin da zai yi in ya ga kana rawa. Ka tafi da na'urar gwajin suga, ka sha ruwa sosai, ka duba tafin ƙafarka kowace yamma. Duk wannan zai shiga tukunya ɗaya, kuma ban ga wanda zai cutu a cikin dattawan nan don an rage masa sukari ba.

Saura doka ta bakwai. Ba zan ce mugunta ce ta haife ta ba, wanda ya ɗauki mutum awa huɗu a kafaɗa yana da hujjar jin tsoro. Abokanka ma suna da hakkin su san wa za su iya ɗauka. Laifinta shi ne ta yi wa kowa kuɗin goro, kuma ta koya wa mutane ɓoye ciwo, har da marubucinta. Ka kawo gyara: mai shan magani ya zo da takardar likita, a haɗa shi da abokin tafiya da ya san halinsa.

Amma kafin taron ka je shagon Tela, shi za ka fara gaya wa, ka kuma ba shi haƙuri. Gyaran ya zama naku ne ku biyu, kai kuma kada ka jefa ƙuri'a. Wani zai tambaya me ya sa dokar ba ta da aibu shekara huɗu sai yanzu. Tambaya ce mai kyau, ka haɗiye ta, kada ka yi jawabi.

Mai yiwuwa su yarda, mai yiwuwa su ƙi, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. In sun ƙi, za ka rasa babban dutsen bana, kuma na san zai yi maka ciwo ƙwarai. Amma ka auna ɗaya gefen. In ka ɓoye ka hau, ka faɗi a inda ba a tashi, mutanen nan bakwai ne za su sauko da kai. Su ne za su tsaya a ƙofar gidanka suna neman kalmar da za su yi wa matarka bayanin abin da ba su sani ba, alhali ita ta sani. Shekara goma sha huɗu suna cin girkinka ba tare da sun tambayi abin da ka zuba ba. Kada ka saka musu da wannan tsayuwar.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa da ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya ranar Asabar. A gaida uwargida da kyau.