Katakon Malam Filai

Abakpa, Kaduna
9 ga Satumba

Zuwa ga aminina Inuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Ya baƙunta, ya kuma Hajiya Rahmatu da ɗawainiyar jinya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗagawa. Jiya na leƙa gidanka, iyali duk ƙalau. Gwandar bayan gida ta nuna, na kuma tsinki biyu ba da izininka ba.

Ka san ni da waya, in na fara magana sai in manta abin da ya sa na kira. Shi ya sa na koma wa biro da takarda. 'Yata Mansura za ta ɗauki hoton wasiƙar ta tura wa Hajiya can Chennai ta ƙasar Indiya.

Sau uku na saurari saƙon muryar da ka aiko ranar Juma'a. Wai ba za ka sa hannu a yi maka aikin zuciyar ba, a maido ka gida, in ma mutuwa ce ta same ka a ɗakinka. Inuwa, wannan ba muryar mutumin da na sani shekara hamsin ba ce. Ban bari kowa ya ji wannan wurin ba. Abin da na kunna a majalisarmu ta ƙofar gidan Sanda shi ne inda kake ba da labarin 'yan unguwar da kake hangowa ta tagar asibiti, suna buga kurket, wasan nan na ƙwallo da katako, a lungu, babura na ratsa su suna ci gaba da wasansu.

Da ka ga yadda wurin ya kaure! Sanda, wanda duk iliminsa na Indiya a silima ya same shi, ya ce ai can da ƙwallon kurket a hannu ake haihuwar jariri. Ya ce ko dalbejiyar da muke zaune a ƙarƙashinta asalinta 'yar Indiya ce, don haka shi ma kusan a Indiya yake. Ya ce in tambaye ka: da gaske a kan ganyen ayaba ake zuba muku abinci? Kuma da gaske in likita ya karkaɗa kai, e yake nufi ba a'a ba? In haka ne, in ji shi, ka sake tambayarsa, wataƙila cewa ya yi ka warke ba ka fahimta ba.

Daga nan hira ta faɗa kan Malam Filai, malaminmu Ba'indiye na sakandare. Ka tuna shi da farin gajeren wandonsa, gashi ya sha man kwakwa, da safe yana koya mana lissafi, da yamma yana tsakiyar fili yana ihu da Hausarsa mai daɗi, wai ido a kan ƙwallo, ba a kan 'yan kallo ba? Muka tuna ranakun Asabar a gidansa, da wainar nan mai faɗi kamar faifai, da miyar da ke sa mu hawaye muna neman ƙari. Sai Sanda ya ce mutumin Madras ne, kuma Madras ita ce Chennai. Na ƙaryata shi. Muka yi ta musu har Mansura ta duba a waya, ta ba shi gaskiya. Karon farko ke nan da Sanda ya yi nasara a musu tun muna aji uku.

Ashe a garin malaminmu kake kwance. Mun yanke shawarar nemo shi, in yana raye. Don Allah kada ka yi maganar jirgi sai ka ji daga gare ni.

Ka gaida Hajiya. Sanda na gaishe ka.

Naka,
Yakubu

Abakpa, Kaduna
13 ga Satumba

Aminina Inuwa,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, jiki kuma da sauƙi. Ya Hajiya? Na ji ta ce ka ci abinci sosai shekaranjiya har ka yi wa ma'aikaciyar jinya gyaran ƙa'idar wasa a talabijin. Alhamdu lillahi.

Malam Filai yana raye! Bari ka ji yadda aka yi. Matar Sanda ce ta tuna mana da Iya Kulu, wadda ta yi reno a gidansa. Muka hau keke-napep zuwa Hayin Banki, muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidan, bayan masu sayar da gawayi. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma kai garau. Muna ambaton sunansa ta kama dariya, ta ce ai 'yarta Delu ba ta taɓa tsallake Sallah ba ta kira ta ba. Delu ita ce jaririyar nan ta Malam da aka haifa a nan Kaduna, wadda Iya ke goyawa tana zuwa bakin fili. Sunanta na gaskiya Lata, Iya ce ta raɗa mata Delu. Yanzu ita ma ta yi jika. Iya ta zaro wayarta daga ɗaurin zane, muka kira nan take.

Inuwa, matar nan ta amsa mana da "ina wuni" tsaf, kamar 'yar Unguwar Shanu. Hausar ta zube mata, saura gaisuwa da sunayen abinci, amma da Turanci muka ƙarasa. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, baban kuwa shekararsa tamanin da bakwai, yana wurinta, gidansu bai kai tafiyar awa guda zuwa asibitinku ba. Ranar Lahadi za ta kawo shi.

Yanzu ga abin da ya sa na rufe ƙofa kafin in ci gaba da rubutu. Tun da za ka ga Malam, gara ka ji daga bakina.

Ka tuna bat ɗinsa, katakon da ya zo da shi daga ƙasarsu, wanda yake shafa wa mai kamar jariri? Ka tuna ranar da ya rabe biyu a hannunka wajen atisaye, saura mako guda mu tafi wasan Zariya? Da sunaye suka fito babu naka, ni aka sa a gurbinka. Kowa ya ce fushin katakon ne. To ba kai ka fasa shi ba, ni ne. Kwana biyu kafin nan na ɗauke shi a ɓoye daga ɗakin kayan wasa, na je bayan kicin ina gwada hannu da tsakuwa. Na ji ya ce ƙas. Na liƙe tsagar da ƙaro, na goge da man takalmi, na mayar. Ina tsaye kusa da kai da ya karye. Na ga fuskarka, na yi shiru. Na je Zariya da rigar da ta kamata ta zama taka, ko ƙwallo ɗaya ban taɓa ba aka fitar da ni.

Na san za ka ce wannan wace irin magana ce ta yara. Amma duk lokacin da ka ba da labarin nan a majalisa kana dariya, ni ba na iya haɗa ido da kai. Kai ka tsaya mini a aurena, kai ka ɗauki gawar mahaifina tare da ni, ni kuwa ina riƙe da wannan shekara arba'in da biyar. Da na ji saƙonka na Juma'a, tsoro ya kama ni kada in rasa damar faɗa. Ka yafe mini.

Naka har kullum,
Yakubu

Abakpa, Kaduna
16 ga Satumba

Inuwa mutumina,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya gajiyar baƙi? Ka gaida Hajiya, ka yi mata sannu da riƙe waya, da kuma dariyar da ta sha.

Kana wurin da muka yi kiran bidiyo da Malam jiya, amma ba ka ga namu ɓangaren ba, shi ya sa zan ba ka labari. Tun kafin azahar Sanda ya sa aka share ƙofar gida kamar gwamna zai zo. Ya sa babbar riga, har da turare, na ce masa waya ba ta kai ƙamshi. Mun ɗauko Iya Kulu, muka zaunar da ita a tsakiya. Ni kuwa sai duba waya nake ta yi, don kwana biyu ba ka ba ni amsar wasiƙata ba.

Dama da safe na kasa daurewa, na gaya wa Sanda abin da na rubuta maka. Sai na ga ya cire hula ya fara fifita da ita. Ya ce shi ma yana da magana. Wai shi ne ya fasa katakon, tun kafin ni: da shi ya buga itatuwan nan uku da ake kafawa a filin wasa cikin busasshiyar ƙasa ranar da guduma ta ɓata, ya ji ƙarar tsagewa, ya mayar ya kama bakinsa. Muka zauna muna kallon juna, tsofaffi biyu masu jikoki, kowa na ƙoƙarin ƙwace laifi daga hannun ɗan'uwansa.

Da hoton ya fito, na ga Malam zaune a gefen gadonka, ya ƙanƙance, kai fari fat. Ya kawo fuska dab da wayar ya ce, "Kai, Yakubu, har yanzu kana rufe ido in ƙwallo ya taho?" Majalisa ta tuntsire. Iya Kulu da Delu kuwa kuka suka yi ta yi, kowace na kiran sunan 'yar'uwarta, sai da muka ba su lokacinsu.

Ka ji yadda na daure na faɗi laifina a gabansa, Sanda ya katse ni ya faɗi nasa. Abin da ba ka gani ba shi ne Iya Kulu. Tun da aka ambaci katako ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza. Malam ya bari muka gama tsaf, sannan ya ce duk mun makara. Wai marigayiya matarsa ce ta fara tsaga shi, tun a hutun da ya gabaci wancan zangon, da shi take fasa kwakwa in ba ya gida. Iya ta sauke mayafi ta ce, "Ni nake riƙe mata kwakwar."

Na yi dariya har na zame daga benci. Amma ban gama warwarewa ba sai da Sanda ya tambaye shi, to don me ya cire sunanka? Ka ga yadda ya dube ka ta saman tabarau? Ya ce dokarsa ɗaya ce, wanda bai kai hamsin a lissafi ba, ba shi ba tafiya, kai kuwa talatin da ɗaya ka ci. Inuwa! Shekara arba'in da biyar kana ba mu labarin zalunci, ina ta cin tuwo da ƙyar saboda kai, ashe jarrabawa ka faɗi!

Bayan an kashe waya ba wanda ya tashi sai da aka kira la'asar. Sanda ya ce Indiya ba ta da nisa kamar yadda ake faɗi. Iya ta ce a aika wa Malam da kilishi, ko da yake ba ya cin nama, ya ba maƙwabta.

Da yamma Hajiya ta kira ni. Ta ce bayan an sallame mu Malam ya buɗe rigarsa ya nuna maka tabon ƙirjinsa, na aikin da aka yi masa shekara goma sha tara da suka wuce, ya ce bai koya wa ɗalibinsa barin fili kafin a fitar da shi ba. Ta ce nan take ka nemi biro ka sa hannu. Na yi ta hamdala. Ranar Alhamis za a yi aikin. Mun gaya wa liman, za a sa ka a addu'a kowace salla.

Naka,
Yakubu

Abakpa, Kaduna
20 ga Satumba

Aminina Inuwa,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka, barka! Ya jiki, ya ciwon ɗinki? Allah ya ƙarasa warkarwa, ya saka wa Hajiya Rahmatu da alheri. Na san ba a ba ka waya ba tukuna, za ta karanta maka.

Jiya tun da muka fito daga asuba muka zauna a ƙofar gidan Sanda. Ba wanda ya yi musu, ba wanda ya ambaci kurket. Shayin da aka kawo ya huce a kofi. Wajen ƙarfe goma wayata ta yi ƙara, na kasa dannawa, Sanda ya fizge. Na ga ya ɗaga hannu sama yana kabbara, sai kawai na sami kaina na kifa kai a gwiwa ina kuka kamar yaro. Masu wucewa suka fara tsayawa suna salati, suna tambayar wa ya rasu. Sanda ya ce musu ba wanda ya rasu, wani ne ya fasa mutuwa.

Hajiya ta ce Malam ya ƙi zama a gida, ya sa Delu ta kawo shi, ya yi awa biyar a kan kujerar jira yana motsa baki da irin addu'arsu, ita kuma tana jan carbi a gefensa. Ta kuma isar mini da saƙon da ka bar mata kafin a shiga da kai, cewa ka yafe, kuma rigar Zariya dama ta yi maka kaɗan. Na gode, Inuwa. Ban san nauyin abin ba sai da aka sauke mini shi.

Amma abin da ya kashe mu da dariya shi ne wannan. Wai da ka farfaɗo, likita na kanka, Hajiya na kanka, ba ka tambayi ruwa ba, ba ka tambayi 'ya'yanka ba. Ka juya ido ka nemo Malam, ka ce masa da ƙyar talatin da tara ne, ba talatin da ɗaya ba. Shi kuma ya dafa hannunka ya ce ko talatin da tara ne ba ka kai ba.

Nan na tabbata ka dawo.

Ka bi maganar likitoci, kada ka yi gaggawa. Ranar da za ku taso daga Abuja ka sanar da ni, ni da Sanda za mu tare ku a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Ka gaida Malam, ka gaida Delu da iyalinta. Kowa a Abakpa na gaishe ka.

Amininka,
Yakubu Yalwa