Ka Ajiye Motar Har Su Iso

Zuwa ga ƙanena Umaru,

Gaisuwa mai yawa daga Kaduna. Yaya jikin Inna, da iyalinka, da mutanen Tambuwal? Ni lafiya, sai gajiya.

Takardarka ta iso. Ka ce boljon da ke riƙe ƙafar gaban motarka ya saki, za ka kai maƙeri ya cusa fata ya dake shi. Kada ka yi.

Ran Talata wani direba ya zo garejinmu da irin wannan gyaran. Na ce a canza, ya ce fasinja na jira. Bai bar gari ba ƙafar ta fice, mutum fuɗu suna asibiti. Ban ga laifin maƙerinku ba, garma ce aikinsa.

Na ba wani direban Sakkwato sababbin boljon biyu ya kawo maka, na kamfani, ba na kwance daga tsohuwar mota ba. Kada ka tuƙa har su iso, ko da kasuwar Kebbe za ta wuce ka.

Tun kafin mulkin kai nika gyaran motocin mutane, ba ku tuna ni sai abu ya lalace. Na yarda. Na fi son irin wannan takardar da ta rasuwa.

Inna ta sa ni cikin addu'a. Ka gaida Yaya Hajo.

Wanka,
Bello