Jakin da Na Zana a Ƙasa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manyanku da yaranku. Ina gaishe ku da haƙuri da irinmu. Don Allah a ɓoye sunana, ko da yake wanda ya san ni a Tambuwal layi biyu zai karanta ya ce ai tsohon banzan nan ne. Kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don na riga ku, na zagi kaina har na gaji. Rubutun ma ku yi haƙuri da shi, a aji uku boko ya sallame ni, kwana fuɗu na yi ina danna wannan da yatsa guda.

Na haura saba'in. Duk garin nan an san ni da barkwanci, ko gawa aka ɗauko sai wani ya ce a raba ni da sahun gaba kada in sa mutane dariya. To yau ba dariya na kawo ba. Abu ne da na yi ina ɗan shekara bakwai, na ɗauka ya bi iska, sai ga shi ya dawo zai ci jikana.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, wadda aka raba wa 'yan makaranta tuta da ɗan kofi, ita aka sa ni aji ɗaya a elemantare. Lokacin ba ruwan kowa da takardar haihuwa, hannu za ka ɗora bisa kai, in ya kamo kunne an ɗauke ka. Tare da ni aka ɗauki wani yaro, bari in kira shi Mamman, daga wani ƙauye wajen Kebbe. An ce kowane mai gari ya ba da yara, shi ne aka tsamo shi ba da son ubansa ba, aka sauke shi gidanmu saboda iyayenmu sun san juna a kasuwa. Tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Yana da i'ina mai tsanani, kafin ya ce a miƙo masa gishiri an gama cin tuwo. Don haka ni ne bakinsa. Abin da na ce shi yake yi, ko rijiya na nuna masa zai leƙa.

Ku yaran yanzu ba ku san aji ɗaya na da ba. Ba benci, ba allo, sai an shiga aji biyu ake ba da allon bature. Ƙarƙashin wani maɗaci muke zama jere, kowa ya share ƙasar gabansa da tafin hannu, ya rubuta da yatsa. Lissafi da tsakuwa da karan dawa, a ɗaure goma goma. Wata rana a kawo yumɓu a ce a gina saniya, wata rana waƙa da tafi. Malaminmu, muna ce masa Malam Dogo, yana da wata jar hular dara da ba ya cirewa, kuma bai cika tashi daga kujera ba. Yara sun yi masa yawa, shi dai wanda ya fi ɗaga murya a "ba be bi bo bu" shi ne mai ƙoƙari. To wa ya kai ni baki? Har kasuwa ana jin nawa. Amma in an ce a rubuta, ba da bi duk ɗaya ne a wurina. Mamman kuwa bakinsa a "ba" yake tsayawa, yara na dariya, amma yatsansa in ya bi ƙasa kamar an buga da inji. Ni kaɗai na sani, don ni ke gefensa.

Ƙarshen shekara aka ce babban malami mai duba makarantu zai zo daga Sakkwato, zai tace waɗanda za su wuce aji biyu, saura a mayar wa iyayensu. Ranar Malam Dogo ya ce kowa ya rubuta baƙaƙen nan biyar, da ɗaya zuwa goma. Ni da na san ba abin da zan iya, sai shaiɗan ya ce to ka yi wanda ka iya. Na zana jaki, na ɗora masa dara. Ina shirin gogewa aka ji ƙarar mota, aka ce kowa ya tashi a guje a yi layi bakin hanya a gaida baƙo. Da aka gama aka ce kowa ya koma ya tsaya bayan rubutunsa. Na riga kowa isa. Na dubi jakina, ga Malam ga baƙo suna tafe, ba damar sa ƙafa. Ƙasa kuwa ba ta da suna, duk filayen iri ɗaya ne. Sai na tsaya bayan na Mamman. Da ya iso, kansa a sunkuye don tsoro, na ja hannunsa na ce, "Matsa nan, ga wurinka." Ya matsa.

Baƙon ya zo kan Mamman, ya duba jakin, ya fashe da dariya ya ce, "Jaki!" Malam Dogo ya ga darar, ya sa ƙafa ya share nan take, ya sa bulala. Mamman bai ko dubi ƙasa ba, hawaye sun rufe masa ido. Shi dai abin da ya sani, ya yi rubutu iya ƙoƙarinsa, babban mutum mai mota ya duba ya ce jaki. Ni kuwa aka shafa kaina, aka ba ni fensir, aka ce wannan a yi shi monita. Na karɓa da hannu biyu, har da rusunawa. Wane irin yaro ne wannan? Na sha tambayar kaina.

Bayan kwana uku ubansa ya zo ya tafi da shi yana murna, har zakara ya yanka don Allah ya kuɓutar masa da ɗa daga boko. Zakaran nan shi na riƙe shekara da shekaru. Duk lokacin da abin ya taso mini sai in ce ai taimakonsu na yi. Ni kuma da aka ba ni allo a hannu asirina ya tonu, don allo ba ya musanyuwa. Na maimaita aji biyu, na rarrafa uku, aka ce in je in taimaki babana. Waɗanda suka wuce suka zama malamai da akawu zamanin Jihar Arewa, wasu har Kaduna. Ni na ƙare a facin keke, amma sunan Monita ya bi ni har yau. Shi ma nasa ya bi shi, Na-Jaki. Da ya girma ma sai ya sayi jakunan, ya yi ta dakon hatsi tsakanin Kebbe da Dogon Daji da nan. In takarda ta zo masa, ni yake kawo wa, wai ni ne mai ilmi. In karanta rabi in ƙaga rabi, ya yi godiya ya tafi. Zumunci bai yanke ba, har na ba ɗansa 'yata, suna zaune a gidansa can Kebbe.

To ga inda abin ya dawo. Suna da yaro ɗan shekara biyar, in kira shi Nasiru, ya ɗauko i'inar kakansa tsaf. Bana uwarsa ta haihu ta sha wahala, ta zo gida jinya da shi wata fuɗu. Don kada ya yi ta bin awaki a lungu, na kai shi wata 'yar makarantar nazare kusa da mu. Ni ke kai shi, ni ke ɗauko shi. Wata rana na je da wuri na leƙa ta taga. Ga su a tabarma, wasu na jera murafen kwalba, wasu na murza yumɓu, wasu kuma an ba su faranti cike da rairayi suna rubutu da yatsa. Na ce ikon Allah, ashe har yanzu ƙasa ba ta yi ritaya ba. Malamar tana bi ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa tana dubawa. Da ta gan ni ta fito ta ce, "Baba, jikan nan naka baki ne kawai ke riƙe shi. Duk ajin ba mai hannunsa. Abin da na nuna sau ɗaya, ya zauna. Halan gadonka ya yi, an ce kai ne Monita." Na yi dariya na ce, "Ƙwarai kuwa, Malama, jini ba ya ƙarya." Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Makon jiya Mamman ya zo bisa babur ɗin haya, ya ce jinya ta ƙare, zai koma da su. Muna zaure bayan la'asar, na ce a bar mini Nasiru ya ci gaba da makaranta. In na rubuta maganarsa yadda take fita ba za mu gama yau ba, don haka zan miƙe ta.

Ya ce, "Monita, kai dai ba ka rabuwa da neman magana. Wanga yaro bakina ya ɗauko, kaina ya ɗauko. Mi za shi yi da boko?"

Na ce, "Malamarsu ta ce shi ne na ɗaya."

"Haka suka hwaɗi ma kowa don a biya. Ni na shiga, na gani. Ban yarda a tsai da shi gaban yara a kira shi abin da aka kira ni ba. Abin da nika gudu ke nan. Allo ya ishe shi, in ya tasa ga gona."

"To ubansa fa?"

"Ubansa ɗana ne. Abin da nac ce shi za a yi."

Kuma gaskiya ne, surukin nawa ko tari ba ya yi gaban ubansa. Na dubi mutumin nan, gemu fari, ƙafa duk faso, shekara sittin yana ɗauke da kalma guda. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na gaya masa duka, jakin, darar, da "matsa nan".

Kun san abin da ya yi? Dariya. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, yana share ido da bakin rawani. Ya ce, "Allah shi shirye ka, tsohon kwano! Don ka riƙe yaro shi ne ka ƙago wagga? Wallahi ta yi daɗi, ka ba 'yan majalisar hirarku ita gobe." Wannan shi ne ladan wanda ya ƙare rayuwarsa yana zolaya, ran da ya faɗi gaskiya ba mai saye. Na ce, "Mamman, dube ni." Rabon da in kira shi da sunansa har na manta. Ya dube ni, ya ga ba na dariya. Tasa ma ta tsaya. Na jiyo Nasiru a cikin gida yana fama da kiran sunan uwarsa.

Can ya tashi ya sa takalmi. Abin da ya faɗa, wallahi ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Ya ce, "Ran kasuwa ina dawowa. In wasa kaka yi, ka ce wasa ne, mu yi dariya, in ɗauki jikana. In gaskiya ne, ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani ka maimaita. In ka dafa, yaro ya zauna ya yi karatu. Amma ni da kai, sai gaban Allah. Ko gawata kada ka bi."

Tun ranar ban da sukuni. Ba tsoron rantsuwar nake ba, gaskiya ce, ba abin da zai same ni. Shi nake ji. Yanzu yana da abin da ya jingina da shi, ya ce Allah bai ba shi kai ba, ya haƙura, ya yi rayuwarsa da mutunci fiye da tawa. In na dafa, me na bar masa? Ya kwanta ya tashi yana lissafin malamin da zai zama, ko alƙali, da ɗiyansa da bai sa ko ɗaya a makaranta ba saboda ni? A wannan shekarun, da hawan jininsa? Ga 'yata a gidansa, tuwonsu ɗaya, wa zai hana abin ya sauka kanta? Kuma ba ni da wani aboki. Na majalisa abokan dariya ne, shi kaɗai ne ran da matata ta rasu ya zo ya zauna kwana bakwai bai ce komai ba.

In kuma na ce wasa ne, kalma biyu ce, na iya ta, sana'ata ce. Zai yi dariya, ina jin ma so yake in faɗa. Sai a ɗora Nasiru bisa babur, jakarsa ta makaranta tana rataye a ƙusa a ɗakina, a ce masa shi ma ba shi da kai, ya yarda kamar yadda kakansa ya yarda. Na cuci mutum ɗaya ina yaro ban san ciwon kaina ba. Wannan karon da gemuna zan yi, da ido biyu.

Na je wurin liman, na zauna, na buɗe baki, sai na tsinci kaina ina ba shi labarin wani maye da akuya. Haka nake. Shi ya sa na kawo muku nan, inda ba mai ganin fuskata balle in sa shi dariya. Kasuwa jibi ne. Yaron yana tsakar gida yanzu haka, ya share ƙasa yana rubutu, yana jira in zo in duba masa, ni da ban san ko daidai ne ba.

Jama'a, don girman Allah, in dafa ko in ce wasa ne? Me zan yi?